Maganin Ƙanwata da Daddawar Inna

Shekarun baya, wata kaka da muka gama yankan gero muna jiran dawa, ƙanwata ta zo hutu daga ƙasar waje inda take aikin bincike a ɗakin gwaje-gwaje. Ni ne babban wanta, ni na tsaya a gona a ƙauyenmu na wajen Ɓagwai. Ita kuwa tun tana makarantar kimiyya kanta ke ja, kuma duk sanda aka yi zancen karatunta a majalisa sai in gyara zama kamar da ƙwaƙwalwata ta yi shi.

Wani yammaci muna tsakar gida, mahaifiyata tana tsince wake, sai ƙanwata ta ba mu labarin aikinsu. Ta ce jikin mutum yana ƙera wasu sinadarai masu gane cuta, su manne mata har sojojin jiki su zo su kashe ta. Su kuma sun ƙera irin nasu, sun tsara shi ya riƙa gane ƙwayoyin sankarar jini. Bai zama magani ba tukuna sai an yi ta gwaji, amma za a yi masa rijistar mallaka, har da sunanta cikin waɗanda suka ƙirƙiro shi.

Inna ta ce, "Mece ce kuma rijistar mallaka?"

Ni sarkin zumuɗi na yi caraf na amsa, "Inna, ai duk duniya ba mai haɗa shi sai da izininsu!"

Na zaci za ta rangaɗa guɗa. Sai ta ajiye faifan, ta dubi ƙanwata ta ce, "To da me da me kuka haɗa?"

"Inna, ba a yarda mu faɗa ba sai an gama shigar da shi."

Nan take fuskar Inna ta sauya. Mahaifinta, kakanmu, shahararren mai maganin sarar maciji ne, kuma bai taɓa gaya wa kowa haɗinsa ba har ya rasu bagatatan. Daminar da ta biyo baya maciji ya sari ƙanen Inna a gona. Suka zazzage buhunan saiwoyin tsohon ba wanda ya san wacce ake haɗawa da wacce, suna ji suna gani ya cika.

Ta ce, "Na ga wannan halin a gidanmu, na san ƙarshensa. Ban sa wa aikin nan albarka ba." Ta shige ɗaki.

Ƙanwata ta yi kuka, ta ce mini in dai Inna ba ta sa albarka ba, za ta ce a cire sunanta. Na san ta, za ta aikata. Hankalina ya tashi ƙwarai.

Washegari da hantsi ta sami Inna a gindin murhu ta durƙusa. Ta ce mata ɓoye haɗin na ɗan lokaci ne. Sharaɗin rijistar shi ne sai ka rubuta yadda ka yi abin dalla-dalla, a wallafa kowa ya karanta, in kuma wa'adin ya cika kowa na iya haɗa nasa.

"Ba abin da za ku rage a ciki?"

"In muka rage, ai rijistar ma ba ta tsayawa, Inna."

"To wanda yake kwance yanzu fa? Wa'adin naku zai jira?"

Ƙanwata ta sunkuyar da kai ta ce wannan kam yana damun ta ita ma, amma in ba rijistar, ba kamfanin da zai ɗauki nauyin gwajin, sai abin ya mutu a kwalba. Inna ta daɗe tana iza wuta. Can ta ce, "Ban gamsu duka ba. Amma tunda ko kun mutu ba za a binne shi da ku ba, Allah ya yi albarka, ya sa a amfana."

Daɗi ya kama ni har bakina ya sake zarcewa. Na ce, "Inna, ke fa daddawar taki da ake zuwa nema tun daga Tofa, wa kika taɓa nuna wa?"

Ta jefe ni da muciya, na kauce da ƙyar. Amma ranar da ta tashi dafa kalwa, sai ga matan maƙwabta cike da gidanmu, ita ta aika aka kira su. Ta nuna musu komai, har ganyen da take rufe kwandon da shi, wanda da in za ta tsinko shi sai ta faki ido.

An yi rijistar, sunan ƙanwata na ciki, kuma suna nan suna gwaji. Abin da na koya shi ne ilmi ya fi zama lafiya a hannu da yawa. Inna ta rasu tuni, Allah ya jiƙanta, amma duk gidan da na shiga a unguwarmu aka zubo mini tuwo, ina kai loma nake jin hannunta a cikin miyar.