Ranar da Na Kai Fok ɗin Keken Autana Gyara

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa sun wuce na manta su, amma ranar da na ɗauki fok ɗin keken autana na kai gyara, ita kam tana nan a raina har in koma ga Mahaliccina.

Autan nawa tun yana ƙarami ba shi da abin so kamar keke. Da ya girma ya kama aikin lodin albasa a Aliero, sai ya sayi wani keken tsere na hannu, mai ƙaho a lanƙwashe da tayu sirara kamar igiyar guga. Ƙafafun nan biyu da ke riƙe tayar gaba, su masu keke ke kira fok. Nasa baƙi ne, ya ce mini na kabon ne. Ban san mene ne kabon ba, ban kuma tambaya ba. Na dai taɓa ɗaga shi na ji ba shi da nauyi, kamar karan dawa.

A shekarar aka sa ranar wani tsere da za a zaɓi waɗanda za su wakilci jiha. Hanyar ta tashi daga Jega ta nufi Maiyama, ta ratsa wajen Liba inda tsakuwa ta yi yawa. Duk ranar da ya je gwaji, sai ya dawo yana turo keken, siririyar tayar ta fashe. Sai ya samo tayu masu ɗan kauri. Ta baya ta zauna daidai, ta gaba kuwa ta ƙi, tana gugar ƙafafun fok ɗin. Daga nan ya shiga neman wani fok na kabon mai faɗi. Ya tambayi direbobin da ke kai albasa Kudu, ya yi ta duba waya. Wanda aka samu mai faɗi sai ya zama mai nauyi, marar nauyi kuma sai ya zama matsattse. Wata da watanni ana haka. Tuwo ma sai in ga ya ci rabi ya ture.

Ni kuwa sai na tuna da keken marigayi babansu. Lokacin da yake ɗauko buhunan gero daga Danwarai, wani tsohon mai gyaran keke a Sabon Gari ya taɓa gasa masa fok a wuta ya buɗa shi, babbar taya ta shiga, ya yi shekaru yana aiki. Na ce a raina, yaran yanzu da wahalar da kai suke, abin da za a gama kafin azahar.

Saura kwana biyar tseren, ya kwance fok ɗin da safe, ya goge shi tas, ya naɗe a tsumma ya ajiye bisa gadonsa, ya tafi Aliero. Ni na ɗauka ya gaji ne ya haƙura. Na yafa mayafi, na ɗauki fok da tayar, na nufi Sabon Gari.

Tsohon yana nan ƙarƙashin bishiyar bedinsa. Muka gaisa, ya yi wa marigayi addu'a, na miƙa masa. Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa da farce, ya daɗe yana kallo.

"Hajiya, wanga abu ba ƙarfe ba ne. Ni ban san irinai ba."

"Haba Malam," na ce, "kai da ka buɗa na baban yara? Ɗan kaɗan za ka ƙara mishi."

"Ki bari mai shi ya zo."

"So nike ya dawo ya iske an gama."

Har yau idan na tuna, shi ya faɗi gaskiya, ni na matsa. Kunyata ya ji. Ya kara shi a garwashi kaɗan, wani wari ya tashi kamar an ƙona roba. Ya sa guntun icce tsakanin ƙafafun ya danna a hankali. Sai muka ji ƙas, ƙara 'yar ƙarama kamar an taka busasshen ɓawon gyaɗa. Ya dube ni, na dube shi. Tayar dai ta shiga, tana juyawa ba ta gugar komai. Na dawo gida ina rarrashin kaina cewa ƙarar daga iccen ta fito.

Bayan la'asar ya shigo da fara'ar da na daɗe ban gani ba.

"Inna, an dace! Na samu wani ɗalibi a Aliero, yana da mai faɗin, shi kuma irin nawa yake so. Gobe za mu yi musaya."

Ya shiga ɗaki. Can ya fito riƙe da fok ɗin, ya tsaya a rana yana bin jikinsa da yatsa. Wurin da wuta ta taɓa ya yi fari-fari, ga tsaga siririya kamar gashi.

"Inna, mi anka yi mishi?"

Na faɗa masa komai, ban rage ba. Na ƙara da cewa ai tayar ta shiga.

"Ta shiga, Inna," ya ce a hankali. "Amma in na hau shi, kan gangara za ya karye da ni. Kabon ba ya lanƙwasa, zare ne da danƙo. Kuma ba zan ba ɗan mutane shi ba."

Da ya yi faɗa da na fi samun sauƙi. Bai yi ba. Ya zauna bakin rijiya har aka kira magariba, ya tashi ya yi alwala.

Ya yi tseren da wani fok na ƙarfe da ya samu a kasuwar Jega. Ya ce mini tun daga hawan farko ya ji gaban keken na janye shi ƙasa. Ya gama, amma ba ya cikin waɗanda aka ɗauka. Da ya dawo na tare shi da ruwa. Shi ya riga ni magana: "Ba rabona ba ne, Inna. Ki daina." Shekarar da ta biyo aure ya zo, hidima ta ƙaru, bai sake shiga tsere ba. Na san rabo na Allah ne, amma na san kuma ta hannun wa abin ya biyo.

Fok ɗin yana nan a bayan akwatina, naɗe cikin tsumman da ya naɗe shi. Abin da ya koya mini shi ne, so ba ya maye gurbin sani. Da na buɗe baki da safen nan na ce, "Auta, mi za ka yi da wannan?" da kalma biyu sun wadatar. Tun daga ranar, ko maɓallin rigar jikata zan ɗinke, sai na tambaye ta tukuna.