Gwangwanin Alhamis na Malam Mika'ilu

Duk ranar Alhamis da hantsi, Malam Mika'ilu yakan jingine kekensa a jikin ofishin ƙungiyarmu ta manoman rani, can gefen Watari. Ofis dai suna ne. Ɗaki ɗaya, tebur, benci, tsohuwar kwamfuta mai ƙaton kai, da sola biyu a kan kwano. Zai kwance gwangwanin madara daga bayan keke, ya zaro wani abu daga cikinsa a naɗe cikin tsohuwar hula. Faifan kwamfuta ne, wanda masu gyara ke kira had-dis. Sai ya jona shi, ya kwafe kwamfutar gaba ɗayanta a ciki, ba takardu kaɗai ba, har da abin da ke tashinta in an kunna. Aikin yakan ci awa biyu. Yana zaune yana jan carbi.

In an gama ba ya tashi. Kashe kwamfutar yake yi, ya zare wayar faifanta na ciki, ya maƙala na gwangwani, ya kunna. Sai ya gani da idonsa ta tashi, jerin sunayenmu ya buɗe, sannan ya mayar da komai yadda yake, ya naɗe faifan ya tafi da shi gida. Ba ya barin su biyun su kwana a ɗaki ɗaya. Shekara goma sha ɗaya yana haka.

Ni ba mai yawan magana ba ne, rubutun ma a sakandare na tsaya. Amma makon jiya ya ajiye aikin sakatare saboda idonsa ya yi rauni, kuma ban ji wanda ya tsaya ya ce komai ba. Shi ya sa na ɗauki biro.

Abin da ke cikin kwamfutar nan rabon ruwa ne. Mu sama da ɗari biyu ne a kan magudana ɗaya, kowa da ranarsa da awoyinsa. Wani injiniya ne ya saka mana manhajar rabon tun farko, ya tafi, lambarsa ma ba ta shiga yanzu. Malam ya ce a shekararsa ta farko yana zuba takardun a filashi yana jin ya yi dabara. Ranar da ya kai filashin wani shago don a buga, aka ce masa ba abin da zai buɗe su sai manhajar da ke cikin kwamfutarmu. A nan gabansa ya faɗi. Washegari ya hau mota zuwa Bacirawa wajen wani mai gyara, bai dawo ba sai da ya koyi yadda ake kwafe ta duka.

Mutane sun daɗe suna yi masa dariya. Dogo mai buɗe ƙofar ruwa shi ne a gaba. Yakan leƙo ta taga ya ce, "Malam, an zo shayar da jaririn?"

Wata rana ina wurin, Malam ya ɗago kai. "Dogo, kana gwada irinka kafin ka shuka?"

"Ni? Allah ke tsirar min."

"Shi ya sa bara ka shuka sau biyu."

Duk benci ya kwashe da dariya. Malam bai yi ba. Ya ce mahaifinsa bai taɓa kai iri gona ba sai ya ƙirga ƙwaya goma ya naɗe a jiƙaƙƙen tsumma ya ga nawa suka tsira. Ya ce kwafin da ba a kunna an gani ba, shi ma irin da ba a gwada ba ne.

Gonarmu ce ta ƙarshe a magudanar. Tun rasuwar Baba, ni da mahaifiyata Inna Larai muke riƙe da ita. Ranin bara aka sake rabo, aka ba mu Lahadi maimakon Laraba, Malam ya shigar da shi kwamfuta wata ranar Laraba. Washegari Alhamis sunan jikansa na fari. Kowa ya ɗauka ba zai zo ba. Ana shafa addu'a ya hau keke da goron suna a aljihu, ya zo ya yi awa biyunsa. Har surukinsa sai da ya yi magana.

Mu kuwa, bisa wannan rabon, muka dasa tumatir ranar Juma'a. Duk dashen da muke da shi.

Safiyar Lahadi ake buga sabon rabo a liƙa a ƙofar ofis. Malam ya kunna kwamfuta. Ta yi ƙas, ƙas, ƙas, kamar an jefa tsakuwa a gwangwani, fuskarta ta tsaya baƙa ƙirin. Ya sake kunnawa. Haka dai.

Alhaji Zubair, wanda gonarsa ke can sama kusa da ƙofar ruwa, ya gyara tsayuwa. "To, tunda ta mutu, a koma kan na bara kawai. Lahadi tawa ce."

Inna ta kalle ni. Dashen kwana biyu ba zai kai Laraba ba ruwa, ita ta sani, ni na sani, shi ma Alhajin ya sani.

Malam ya miƙe yana naɗe ƙafar wando. "A ba ni minti ashirin."

Alhaji ya ce, "Ruwa ba ya jiran keke, Malam. Dogo, je ka buɗe."

Dogo ya zare makullin daga wuyansa, ya ajiye a kan benci, ya zauna a kansa. "Alhaji, ƙafata ce ta sage. Sai jaririn ya iso."

Ya iso kuwa. Malam ya shigo yana haki, ya zare wayar mataccen faifan, ya maƙala na gwangwani, kamar yadda ya yi sau ɗaruruwa ba mai kallo. Ya yi bismilla ya danna. Ta tashi. Jerin ya buɗe. Ya sa yatsa a layi ya karanta da ƙarfi: "Larai, gona ta ƙarshe, Lahadi, daga goma zuwa azahar."

Alhaji Zubair ya leƙa, ya ce, "To, haka ne," ya tafi. Ba a yi faɗa ba. Kafin sha ɗaya ruwa yana tsakanin kunyoyinmu.

Malam Mika'ilu, kai ne ka bar sunan jikanka saboda sunan wata bazawara da ke layi na ɗari biyu da wani abu. Ba ka san faifan zai mutu a makon ba. Da ka sani, da ba abin yabo ba ne sosai. Kai ne ka yi ta zuwa duk Alhamis ɗin da ba abin da ya faru, kuma su ne masu yawa. Mai gwangwani, wanda aka yi wa dariya bai fasa ba.

Da tumatir ya nuna Inna ta aike ni da kwando guda. Ya ɗebi cikin hula ɗaya, ya ce in mayar mata da sauran, kasuwa na jira.

Yanzu Maimunat, 'yar wani manominmu da ta yi kwas ɗin kwamfuta, ita ta karɓi aikin. Ranar miƙawa bai yi jawabi ba. Makullin ofis ya ba ta, sannan gwangwanin, ya ce, "Kada ki yarda da shi sai kin ga ya tashi."

Mun gode, Malam. Allah ya ƙara wa idon nan haske, ya saka maka da abin da ba za mu iya ba. Ku kuma da ke riƙe da kwamfutar makaranta, ko ta asibiti, ko ta wata ƙungiya, ku nemi faifai na biyu, ku kwafe ta duka, ku kunna ku gani, ku ajiye shi a wani ɗakin. Akwai wanda gonarsa ke ƙarshen layi a cikinta.

Jiya Alhamis na wuce ta ofis. Maimunat na zaune, gwangwani a buɗe. Dogo na bakin ƙofa yana korar masu son shiga.

"A dakata," in ji shi. "Ana shayarwa."