Munduwar Agadas da Ɗakin Bakwaini

Jikata tana shekara ta biyu a makarantar koyon aikin jinya aka ce za a tura ta asibiti, ɗakin bakwaini, inda ake sa jariran da suka zo kafin lokacinsu a cikin kwalba. Tun ranar da ta ga sunanta a jerin waɗanda za a tura, gidanmu na Suleja ya sauya. Ta yanke farce har tsoka, ta daina fesa turare. Ta sayo sukari kilo ɗaya ta naɗe a zani, tana ɗauka tana ajiyewa a hankali, wai nauyin wasunsu ke nan.

"Amarya," na ce mata, "yaushe ne sunan ɗan namu?"

"Ranar da ka sayo rago, tsoho. Kai dai kar ka zuba min shi a shayi."

Na daɗe ina fatauci tsakanin Kumasi da Agadas da Injamena, na ga yadda mutane ke shirin aiki. Masunta a bakin tafkin Chadi raga suke dubawa, direbobin hamada kuwa taya da ruwa. Ban taɓa ganin wanda shirinsa duk ragewa ne ba sai yarinyar nan. Kullum sai ta cire wani abu daga jikinta.

Saura abu ɗaya. Takardar da aka ba su ta ce daga gwiwar hannu zuwa yatsu ba zobe, ba agogo, ba komai, kuma wadda ta saɓa a ƙofa za ta tsaya. Ita kuwa akwai munduwar azurfa a hannunta na hagu. Ni na sayo ta a Agadas wajen wani maƙerin Buzaye, marigayiya matata ta sa mata tana shekara bakwai, aka matse bakin. Hannu ya girma, munduwa tana nan yadda take.

Ranar Juma'a uwarta, wato 'yata, ta zaunar da ita a tsakar gida. Aka gwada sabulu, aka gwada man kaɗanya, aka zura hannun a leda aka ja. Hannu ya kumbura, munduwa ta ƙi wuce ƙashin babban yatsa.

"Shi ke nan," in ji uwar. "Ki tura ta sama ki liƙa filasta. Wa zai gani?"

"Mama, a ƙarƙashinta ƙwayar cuta ke zama. Ni ba za ta yi min komai ba. Yaron da fatarsa ba ta kai ɓawon albasa kauri ba fa? Yanke ta za a yi."

"Abin da Inna ta sa miki da hannunta? Baba, ka yi mata magana mana!"

Ba zan ɓoye ba, bayan 'yata na bi. Na yi irin namu na mutanen gari, na ce ai ba za a rasa wanda na sani a asibitin ba, zan je a yi wa babbar sista magana ta kau da kai.

Jikata ta dube ni ta ce, "To, Alhaji, in ka gama da sista sai ka shiga ka roƙi jaririn."

Nan na bar zancen sista.

Washegari ni na raka ta kasuwa a keke napep. Maƙerin da muka samu Banufe ne, na gaishe shi da Nufanci, ya ji daɗi ya ba ni kujerarsa. Ya jujjuya munduwar ya ce aikin arewa ne, ta tsufa, in ya buɗe ta da ƙarfi karyewa za ta yi, ba kuma lallai ta haɗu ba.

"Na ji, Baba," ta ce. "Yanke."

Ya cusa guntun fata tsakanin azurfar da hannunta, ya kama gogawa da zarto. Hawaye na zuba har haɓarta, amma hannun bai motsa ba, ko rawa bai yi ba. A zuciyata na ce wannan hannun za a iya ba shi ɗan mutum. Munduwar ta rabu biyu, wurin ya fito fari kamar an zana.

Da muka koma gida uwarta ta karɓi gutsattsarin ta ƙulle a bakin zani, ta shige ɗaki da fushi. Amma ranar Lahadi ita na gani tana goge mata farar rigar aikin.

Litinin da asuba jikata ta bi motar Madalla zuwa asibitin. Da la'asar ta dawo, ƙafafunta a kumbure.

"Yaya, an bar ki kin shiga?"

"Sista ta juya hannuna gaba da baya, ta ce in wuce wajen famfo. Tsoho, wata 'yar mitsitsiya aka ba ni in canza wa gado. Ba ta yi ko kuka ba."

Uwarta daga kicin ta ce, "To zo ki ci abinci, Nas."