Barcin Yaya a Hanyar Tsafe

Bayan sankarar mama ta ɗauke Inna, kamar yadda ta ɗauke ƙanwarta, likita ta ce mu 'ya'yan Inna mu riƙa zuwa ana duba mu. Ni da Yaya muka hau mota daga Tsafe zuwa Gusau.

Yaya ta haura arba'in, don haka aka yi mata hoton da na'ura ke matse nono. Ta fito tana dariya. "Ke, wallahi kamar an rufe ƙofa da ni!" Likita ta duba hoton, ta ce fes yake.

Ni kuwa aka ce naman nonon budurwa a cushe yake, wannan hoton ba ya ratsa shi sosai. Sikanin aka yi mini, irin na masu ciki. Na karanta cewa wani hoton da ake kira MRI ya fi gano cutar ga irinmu, amma kunya ta hana ni tambaya.

"Ban ga komai ba," in ji likita, "amma ki dawo."

A mota Yaya ta ɗora kai a kafaɗata, ta yi barci har da minshari. Har muka wuce Kwatarkwashi ban motsa ba, ina kallonta, ina ƙyashin wannan barcin.