Kamu Biyu da Ɗani Ɗaya

Ni na zana akwatin, wannan ba na musu. Ranar da Yaya ya sayo wufa, ƙatuwar lasifikar nan mai gurnani da ake sawa a but ɗin mota, kewaye ta muka yi a tsakar gida kamar an yi haihuwa. Motar haya yake ja tsakanin Kazaure da Gwiwa, kuma burinsa a duniya idan ya shigo tasha kowa ya ji shi a haƙarƙari kafin ya gan shi. Nan na ce ai na iya tsara mata akwati, na kalla a waya ya fi sau dubu. Sau biyu ne, kuma data ta ƙare a tsakiyar na biyun.

"To injiniya, zana," in ji Yaya. "Amma wallahi ka ɓata min katako, fatarka zan shimfiɗa a but ɗin maimakon kafet."

Yaya ba ya saɓa irin wannan alkawari. Marinsa guda ya taɓa sa na manta sunan unguwarmu.

Na zana abina a bayan littafin lissafi: babban rami na wufa, ƙarami na fitar iska, baya a karkace don ya jingina da kujera. Saura awo. Kafintan da zai yi aikin ɗan Gwaggo ne, taubashin Yaya, dogon da sai ya sunkuya yake shiga shagonsa. Na je aron tef ɗin awo, ya ce wanda na karya masa bara yana gaishe ni.

"Je ka auna da hannu, ka faɗa min kamu nawa."

Na shiga but na dinga ɗora hannuna, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Faɗi kamu biyu da ɗani ɗaya. Na kawo masa lissafi ina taƙama.

Washegari na leƙa shagon, na tarar ya shimfiɗa nasa hannun a kan katako yana ja da fensir. Hannu kamar taɓarya. Na kalli nawa, na kalli nasa, na buɗe baki zan yi magana. Amma zarto ya riga ya ci allo biyu, sai na ce, "Sannu da aiki," na fita da baya.

Ranar Asabar da hantsi Yaya ya kawo mota ƙofar shagon. Akwati ya yi kyau, ba ƙarya, ya sha gam da baƙin kafet. Suka ɗaga shi su biyu, ya ce ba ya shiga. Suka juya shi a tsaye, ya ƙi. Yaya ya sa kafaɗa ya danna, sai ji muka yi ƙas, fitilar baya ta tarwatse.

"Kai makaho ne?" in ji Yaya. "Akwatin wufa na ce, ba ɗakin kwana ba!"

"Motarka ce gwangwanin madara. Ka sayo ta manya mana."

Irin wannan zolaya sun saba da ita tun suna yara, amma ranar akwai fasasshiyar fitila a ƙasa. Yaya ya dire akwatin ya shaƙe wa kafinta wuyan riga. Kafinta ya zuba masa gwiwar hannun nan a baki. Suka rungume suka faɗa kan tulin garin katako, ƙura ta tashi har ba a gane na sama. Yaya ya rarumo gwangwanin gam ya kife masa a ka. Shi kuma ya laluba ya samu guntun katako, ya sauke wa Yaya a gadon baya sau uku, ina ƙirgawa. Jini a leɓen wannan, jini a girar wancan. Masu adaidaita suka tsaya kallo, ɗaya har ya kashe inji don kada ya rasa komai.

Ni na san inda zancen zai ƙare. Gudu ba zai yi ba, mutane sun toshe hanya. Sai na ga ramin wufa yana kallona. Da ma Inna tsinke take kirana. Na zura kai, na ja ƙafafu, na shige har da sauran fili.

Ina ciki na ji tsohon mai faci na gefen shagon ya raba su.

"Ku tsaya, 'ya'yan nan. Awon nawa ne?"

"Kamu biyu da ɗani, Baba," in ji kafinta yana haki. Na ji ya ɗora hannu a saman kaina. "Ga shi nan, ko yatsa bai ƙaru ba."

"To da hannun wa aka auna motar?"

Daidai lokacin nan garin katako ya shige min hanci. Na danne, na karanto duk addu'ar da na iya, atishawa ta ce ba ruwanta. Kuma akwatin, da yake ni na tsara shi, ya fito da ita ta ramin iska kamar an harba bindiga.

Ban taɓa ganin sulhu mai sauri irin nasu ba. Ɗaya ya toshe ramin da allo, ɗaya ya ɗauko katako ya hau dukan akwatin. Dum! Dum! Haƙorana suka dinga gaisawa da juna, hanjina ya hau ya sauko.

"Ɗan Gwaggo, ka ji sauti kuwa?" in ji Yaya.

"Ai injiniya ya iya aiki. Ƙaro masa murya."

Da suka gaji suka jawo ni ta ƙafa. Yaya ya kama hannun da ya yi awon, ya ɗaga wa jama'a su gani, sannan ya cika min alkawari da bel ɗinsa, kafinta yana riƙe da ni, gam na ɗiga daga kansa zuwa wuyana. Kwana huɗu a kife nake barci.

An auna da tef an rage akwatin, yanzu yana but yana gurnani. Idan Yaya ya shigo layinmu yara sukan bi motar da gudu. Ni kuwa dum ɗin farko bayana yake fara ƙaiƙayi, sai in tuna Inna ta aike ni.