Waƙoƙin da Gwaggo ta sauko mini da su

Allah ya yi ni da murya irin ta maza. Tun ina Islamiyya a Wudil, da an ɗauko waƙa sai malama ta ce, "Ke, koma baya, kina danne mana yara." Ni kuwa duk duniya ba abin da nake so kamar waƙa.

Gwaggo, yayar babanmu, zabiya ce mai amada. Daga Achika har Ɗankaza, biki bai cika ba in ba a kifa mata ƙwarya ba. Muryarta siririya ce, tana hawa sama ko haki ba ta yi. A wurin zabiyoyi ba a zama a ce za a koya miki waƙa. Bayan zabiya ake zama ana amshi, har baki ya saba. To ni amshin ne ya gagare ni. Inda take kaiwa, ko zan mutu ba na kaiwa.

Wata Juma'a na je kasuwa aka tura mini waƙoƙi a waya, na dawo ina ta bin matan ciki da ƙarfin tsiya. Ba a jima ba muryata ta dishe. Gwaggo ta karɓi wayar, tana saurara tana tsaki.

"Waɗannan ai ba naki ba ne, 'yar nan. Za ki kashe kanki a banza. Danna mini inda ake ɗaukar murya."

Lokacin tari ya riga ya kama ta, likita ya ce ta bar waƙa. Ina! Kullum bayan la'asar sai ta zauna a tabarma, ta sauko da waƙoƙinta ƙasa, daidai inda maƙogwarona ke iyawa, ni ina ɗauka. Abin yana yi mata ciwo, ina gani. Sai ta kurɓi ruwan ɗumi ta ce, "Saura ta ranar kamu." Kafin damina ta faɗi, ko magana sai da hannu take yi. Da kaka muka rasa ta.

Da waɗannan na koya, da su nake ci har yau. Amma wallahi abin yana cina. Na bi gidajen da ta yi wa biki ina tambaya ko wani ya taɓa ɗaukarta da muryarta ta asali. Babu ko ɗaya.

Rannan 'yata ta ji ina kunnawa, ta ce, "Umma, ashe Gwaggo irin muryarki gare ta."

Na buɗe baki in nuna mata yadda ta Gwaggo take. Na ja, na sake ja, muryar ta ƙi hawa.