Shafi na Ɗari da Goma Sha Biyu

Shekara goma sha tara ina aiki a ɗakin karatu na wata ƙaramar kwalejin horar da malamai a Feira de Santana, ban taɓa ganin Adalberto Pimentel ya ari littafi ba. Yakan shigo dai, saboda na'urar sanyaya ɗakinmu ta fi ta ofishinsa aiki. Sai ya zauna da ƙosansa yana ɗigar manja a kan jaridar jama'a, ya ce mini, "Dona Neide, babu kofi ne?" A ƙasar nan duk wanda ya riƙe alli farfesa ake ce masa, amma shi Adalberto gani yake don shi kaɗai aka ƙirƙiro kalmar.

Ba wani ilimi ne ya kawo shi kwalejin ba, ƙanwar mai makarantar ya aura. Abin taƙamarsa guda ɗaya ne a duniya: a shekarar 1994 ya rubuta littafi kan koyar da yaran karkara, wani mai buga katin biki ya buga masa. Tun daga nan bai ƙara rubuta ko wasiƙa mai tsawo ba.

Duk ɗalibin da zai gama sai ya rubuta kundin bincike, ya tsaya gaban malamai uku ya kare shi. Da yake Adalberto ba shi da aikin fari balle na baƙi, kusan kullum yana cikin ukun. Daga shafukan ƙarshe yake buɗe kundi, wajen jerin littattafan da aka yi amfani da su, ya bi da yatsa har zuwa harafin P. In ya ga sunansa, sai ya gyara zama ya shiga lissafin waƙafi da manyan baƙaƙe. Abin da ke cikin kundin kuwa, wannan tsakanin ɗalibi ne da Mahaliccinsa.

Ɗalibai ba wawaye ba ne. Na gaba su gaya wa na baya, kowa ya kwafi layin daga kundin wani: Pimentel, 1994, shafi na 112. Duk abin da ɗalibi ya ga dama sai ya liƙa masa. Na ga inda Pimentel ya yabi duka a shafi na 112, na ga inda ya la'anci duka a wannan shafin dai. Intanet kuma ba ya son jin sunanta. Cewa yake kowane mahaukaci na iya rubutu a can, shi kuwa littafi yana da shafi, kowa na iya buɗewa ya duba.

Wadda ta fara dubawar ita ce Jucilene, 'yar wani ƙauye mai nisan awa biyu a bas, mahaifiyarta mai sana'ar garin rogo. Hukumar garinsu ta yi mata alkawarin aikin koyarwa a makarantar ƙauyen, da sharaɗin ta kai takardar shaida kafin ƙarshen Janairu, in ba haka ba a bai wa wata. Ta zo teburina ta ce tana son littafin Farfesa Adalberto. Sai da na sa ta maimaita. Na shiga sito na tono shi cikin wani kwali, a ƙarƙashin tsofaffin kalandu. Shafi talatin da takwas ne, har da sadaukarwa da hotonsa sanye da kwat.

A tsaye ta karance shi. Bincikenta kan yaran da ke barin makaranta ne lokacin cire rogo, littafin kuwa ko kusa bai taɓa zancen ba, don haka ta ce ba za ta sa shi ba. Na ce mata ta dai yi tunani. Ta ce ai shi da kansa ya koya musu kada mutum ya ambaci abin da bai yi amfani da shi ba. Alƙalumanta daga shafukan hukuma na intanet ta samo su, kowanne da adireshinsa da ranar da ta buɗe shi. Na gwada guda shida da hannuna, duk sun buɗe. Sauran kuma da ƙafarta ta nemo, gida-gida, har ta gano cewa yaran da suka fi ɓacewa daga aji ba masu zuwa gona ba ne, 'yan matan da ake bar wa ƙanne ne a gida.

Ranar kare kundin mahaifiyarta ta zo da rigar zuwa coci da wainar rogo don malamai. Na tsaya daga baya. Adalberto ya juya kundin, yatsansa ya wuce harafin P, ya dawo, ya sake wucewa. Sai ya rufe a hankali.

"'Yata, wannan ai tsince-tsincen intanet ne. Batun 'yan matan nan da kike ji kamar ke kika gano, na warware shi dalla-dalla a shafi na 112 na littafina. Tambayi kowane ɗalibi."

Ba ƙarya yake ji yana yi ba, wannan ne abin takaicin. Ya ga lambar a kundaye da yawa har ya yarda akwai ta. Ya ce ba zai sa hannu ba sai ta mayar wa mai abu abinsa, in kuma tana da ja, to a sake zama a watan Yuni. Sauran malaman biyu, ɗaya na latsa waya, ɗaya na kallon waina.

Littafin yana cikin jakar Jucilene, ni na rubuta mata aronsa. Na ga hannunta ya kai kan zif ɗin. Ta waiwaya ta dubi mahaifiyarta, wadda ba ta gane abin da ake ciki ba, tana ta murmushi. Ta janye hannun.

"To, Farfesa. Zan gyara."

Ni ma da na san iyakar shafukan littafin, ban tona ba. Saura shekara uku in yi ritaya, shi kuma surukin mai makaranta ne. Na raina shi a ranar fiye da kullum, na kuma haɗa da kaina.

Bayan mako guda ta kawo kundin da bangonsa mai kauri don a ajiye. Na buɗe wajen 'yan matan da ake bar wa ƙanne. Aikin wata huɗu na yawo cikin rana, ga shi an rufe shi da Pimentel, 1994, shafi na 112. Adalberto ya sa hannu, har ya rubuta a gefe cewa yanzu aiki ya yi kyau. Na tambaye ta ko takardar shaidar za ta fito a kan lokaci, ta ce za ta fito. Ta ciro ɗan littafin daga jaka ta ajiye a gabana.

"Dona Neide, in wata ta zo nemansa, ki ce mata ya ɓata. Su sauran ba su san ƙarya suke rubutawa ba. Ni na sani."